Shikulu Bai Sa Hannu Ba

Ni da Shikulu Kangwa mun yi shekara da shekaru muna zagin juna kowace safiya, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hoton da ya sa a dandali ma ba nasa ba ne, na wata bishiyar fiya ce da ta yi wa rufin kwano rumfa.

Dandalin nan shi ne inda mu masu rubuta manhaja muke ajiye aikinmu, kowa da rumbunsa. Namu ƙarami ne. Manhaja ce ta kyauta da ƙananan asibitocin karkara suke amfani da ita, tana tura wa iyaye mata saƙo a waya, ta tuna musu ranar rigakafin yara. Shi ya fara ta, bayan ya yi ritaya daga ofishin kwamfuta na ma'adinai a Luanshya. Ni daga baya na faɗo ciki, ina zaune a ɗakina a unguwar Kabwata ta Lusaka, na ga wani kuskure na gyara na tura. Washegari na tarar da amsarsa.

"Zelipa Jere? 'Yar Chipata ke nan. Gyaran ya yi. Amma nan gaba ki wanke hannu kafin ki taɓa min aiki, na san ɓera kika gama ci."

Na rubuta masa, "Gara ɓera da biri, tsoho."

Shi ke nan, muka ƙulla. Mu mutanen gabas, wajen Chipata, da Bemba, ƙabilarsa, abokan wasa ne tun kaka da kakanni, su ce muna cin ɓera, mu ce suna cin biri, ko a gidan makoki ba ma ɗaga wa juna ƙafa. Na laƙaba masa Shikulu, wato kaka, don in tsokane shi da tsufa, shi kuma ya karɓe sunan ya zauna a kai abinsa.

Dokokinsa biyu ne, kuma ba ya wasa da su. Ta farko, babu gyaran da zai shiga rumbu sai mutum na biyu ya karanta ya sa hannu. Nawa sai ya duba, nasa sai na duba. Ta biyu, duk abin da ba a faɗa a dandali ba, to ba a faɗe shi ba. Babu kiran waya, babu maganar bayan fage. Wai don in mun mutu, wanda ya gaji aikin ya ga dalilin kowane abu a rubuce. Saboda haka ba ni da lambarsa, ba shi da tawa, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba.

Bari in faɗi gaskiya yadda take. Aikin da yake ciyar da ni na wani kamfani ne na ƙetare. Mutanen can kirki gare su, ka yi musu aikin mako guda su turo maka hoton babban yatsa. Mijina ya daɗe da kama gabansa. Ɗana Dalitso yana karatu a waje, yana kira ranar Lahadi in ya tuna. Sai in wuni in kwana ban buɗe baki ba, in ban da mai tumatir na bakin hanya. Mutum ɗaya ne tak a duniya yake karanta abin da na rubuta layi bayan layi, ya damu har ya zage ni a kai. Da safe in ɗora ruwan shayi, in buɗe kwamfuta, in ga me tsohon ya samo yau.

"Wannan layin wa zai gane shi? Ko ke kanki bayan Kirsimeti ba za ki gane shi ba."

"Na gani. Bai yi muni ba. Kada ki ɗauka yabo ne."

Gajeru ne kullum, layi ɗaya ko biyu. Na ɗauka rowar magana ce irin ta tsofaffin ma'adinai.

Sai dandali ya fito da sanarwar sababbin abubuwa, doguwa, har da hotuna. An sauya launin shafi, wanda ba wanda ya roƙe su. An kawo wani mai gadi da yake hana ka ajiye kalmar sirri a cikin rubutu bisa kuskure. An kawo mataimaki, na'ura ce da take karanta gyara ta sa hannu a madadin mutum, in ka kunna ta. Na ƙarshe kuma shi ne tilas a kan kowa: in wa'adin da suka sa ya cika, kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe ƙofa ba. Sai ka duba wayarka, ka kwafi wata lamba shida da take sauyawa duk rabin minti, ka shigar kafin ta wuce.

Shikulu ya fi kowa murna. Ya rubuta, "Sai yanzu suka yi hankali. Tun ina ma'adinai nake cewa ƙofa mai makulli ɗaya ba ƙofa ba ce. Amma na'urar nan mai sa hannu, in kika kunna ta a rumbuna zan zo Lusaka da ƙafa."

Na ce masa ya zo, akwai ɓera a tukunya.

Wa'adin ya cika, kowa ya koma shiga da lamba shida. Na tura wani gyara, na ɗora ruwan shayi. Shiru. Na ce ai wuta ce, kwanakin nan ɗauke ta ake yi kamar da gayya. Washegari shiru. Mako ya zagayo, ruwan shayina yana tafasa yana hucewa, shafin yana nan yadda na bar shi, da ɗan rubutunsa a ƙasa: ana jiran sa hannun mutum ɗaya.

Na fara da tsokana. "Biri ya maƙale maka a wuya ne?" Na koma faɗa. Na koma lallashi, abin da ban taɓa yi masa ba. Na tono adireshin imel ɗinsa na karya masa doka na rubuta. Ko uffan. Na koma ina karanta tsofaffin maganganunmu ina neman inda na wuce gona da iri, ko wata kalma tawa ta yi masa zafi. Abin da nake tsoro kuwa ban yarda na faɗa ko a raina ba. Mutum mai shekaru irin nasa, shi kaɗai. In ya mutu wa zai gaya min? A wurin danginsa ni ba kowa ba ce, ko sunana ba su sani ba.

Gyaran da yake jira kuma ba na wasa ba ne. Manhajar tana kiran iyaye mata a ranakun hutun gwamnati, ranar da asibiti a rufe yake. Sista Nyirenda ta asibitin Lundazi, wadda ta fi kowa amfani da ita, ta samo lambata ta kira ni.

"Zelipa, matan nan da goyo suka tako tun daga ƙauye, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wasu ba za su sake dawowa ba, na san su. Kin ce kin gyara."

"Na gyara, Sista. Sa hannu nake jira."

"Na wa?"

"Na abokin aikina."

"To ki kira shi mana."

Na ce ba ni da lambarsa. Ta tambaye ni ko kaina ƙalau yake. Sannan ta ce wani hutun yana tafe a wata mai kamawa, in yi wa Allah in yi wani abu.

Kuma abin yi yana gabana. Dandali ya ajiye min maɓallin a gefen shafi, kore shar: bar mataimaki ya duba. Dannawa ɗaya, magana ta ƙare. Kullum sai in kai hannu in janye. Ba tsoron faɗansa nake ba. Na san dai ranar da na danna, na yarda ke nan ba zai dawo ba, kuma ba abin da zai sa in ƙara ɗora ruwan shayi da ɗoki.

Sai na ɗana masa tarko. Na san abin da ba ya iya gani ya yi shiru. Na ƙirƙiri kalmar sirri ta ƙarya na rubuta ta ɓaro-ɓaro a tsakiyar aikin, irin gangancin da zai sa ya tashi ko daga gadon asibiti. Ina turawa sabon mai gadin nan ya cafke ta, ya dawo min da ita da nasiha mai ladabi. Ko isa rumbun ba ta yi ba. Na zage shi da baki, ni kaɗai a ɗaki, na ce wa ya aike ka.

Na sake dabara, wadda na'ura ba ta da hancin shinshinowa. Na juya saitin harshe, na sa duk matan Luanshya da kewaye su riƙa samun saƙonsu da Nyanja, harshenmu, maimakon Bemba. Na haɗa da gyaran hutun na tura. Na ce in dai yana numfashi, wannan sai ya tanka.

Bai tanka ba. Ranar ce na ji tsoro sosai.

Na shiga kasuwa na sayi wani ɗan makulli na ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta a taɓa, wanda sanarwar ta ce yana iya maye gurbin lamba shida, don na ce wataƙila wayarsa ce ta ɓata. Da safe na hau motar Copperbelt, yankin da Luanshya take, a tashar Intercity. Ban gaya wa kowa ba, ba ni ma da wanda zan gaya wa. A garin Kapiri, kan hanya, na sayi chikanda, wani abin ci na gyaɗa mai kama da alala, na kasa ci, na riƙe shi a leda har muka isa.

Ban san gidansa ba, amma mutum ba ya shekaru yana mita bai bar sawu ba. Na san ƙararrawar coci tana hana shi tunani. Na san fiya tana faɗo masa a kan kwano kamar ana jifa. Na san yana jin haushin masu sayar da gawayi na unguwar Roan. Na sauka a kasuwar Roan ina tambayar tsohon da ya yi aikin kwamfuta a ma'adinai, Kangwa, mai baƙin rai. Wata mai suyar vitumbuwa, wato fanke, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mai baƙin rai kam shi ne. Maƙwabcina ne. Ke ce 'yarsa da take Joni, can ƙasar waje?"

"A'a. Abokiyar aikinsa ce."

"Aiki? Wane aiki?" Ta yi dariya, ta bar wa ta kusa da ita kaskon, ta goge hannu a zani. Sunanta Maman Chola, ita take kai masa nshima, tuwonmu na masara, da rana. A hanya ta ce min matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yar kuma sai aike. Ni dai abu ɗaya na ji a duk maganarta, wato yana da rai.

Bishiyar na fara ganewa. Tana nan yadda take a hoto, ta ɗan ƙara girma. A ƙarƙashinta, a baranda, wani ɗan tsamurmurin tsoho yana zaune da riga mai dogon hannu a goge, an ɓalle maɓallanta har wuya. Na zaci ƙato ne. Duk shekarun nan da muryar ƙato nake karanta shi.

Maman Chola ta ce, "Ga baƙuwa daga Lusaka," ta juya ga kaskonta.

Na durƙusa na tafa hannu na gaishe shi. Bakin nan nawa da ya saba ce masa kai, ya zage shi son rai, sai na ji yana cewa, "Mun same ku lafiya, Shikulu?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, a hankali, muryar can ƙasa, "Matan Luanshya da Nyanja. Ba ki da kunya."

Na zauna a kan dakalin. "Ashe kun gani."

"Na gani tun ranar. Karatu ai ba ya bukatar makulli, kowa ma yana iya buɗe rumbun ya karanta. Har biri da ya maƙale min a wuya na gani."

"To me ya hana ku amsawa? Na ɗauka kun mutu."

"Da na mutu ai da kin huta."

Ya tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ya ce an yi ruwa a Lusaka? Na ce an ɗan taɓa. Mutanen da suka yi shekaru ba su rasa abin faɗa wa juna ba, ga mu gaba da gaba mun rasa ta cewa. Na miƙa masa ledar chikanda don in samu abin yi. Sai ya zaro hannun damansa, wanda tun zuwana yake danne a ƙarƙashin cinya, na ga abin da yake ɓoyewa. Hannun rawa yake yi, ba ƙarama ba, har ledar tana ƙara. Na hagun ma ya fara.

Ya ga na gani. Ya ce, "Shigo ki ga abin dariya."

Ɗakin tsaf, tebur ɗaya, tsohuwar kwamfuta, kujera an ɗaura mata matashi. Ya zauna ya shigar da kalmar sirrinsa, harafi ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe wuyan hannun dama da na hagu, in ya kuskure ya goge ya sake. Ya ɗauki lokaci, amma ya gama. Sai shafin ya nemi lamba shida. Ya jingina wayar da kofi, ya karkatar da ita yadda ba zan gani ba. Ya danna ta farko. Ta biyu yatsan ya sauka sau biyu, ya goge. Kafin ya kai ta huɗu lambar ta sauya. Ya soma daga farko. Ta sake sauyawa.

"Ranar da na haɗa ta, hannun ya yi min kirki," in ji shi. "Tun daga ranar bai ƙara ba. In na matsa, sai su rufe ni zuwa gobe, su ce wataƙila ɓarawo ne. Kuma gaskiyarsu. Haka ya kamata a yi."

"Maman Chola fa? Ai sai ta danna muku."

Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. "In nuna wa wani makullina? Ni? Mutum nawa na sa aka kora a ma'adinai saboda wannan."

"Imel ɗina fa?"

"In rubuta miki me? Kangwa ya kasa shigar da lamba shida?"

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Na manta da ku, na koma kai. "Kai dai girman kai zai kashe ka, tsoho. Ka bar ni ina magana da bango, ina lissafin ko an binne ka. Karanto min lambar nan in danna, ko in fasa wayar."

"Doka ta hana."

"Ba gani zan yi ba, ji zan yi. Kuma bayan rabin minti ta zama shara. Karanto, mai cin biri."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya jira sabuwa ta fito, ya karanto, na danna. Shafin ya buɗe. Saƙonnina suka zubo masa gaba ɗaya, na tsokana da na faɗa da na lallashin da na so a ce ban rubuta ba. Na ce to ga ni ga ka, faɗi abin da za ka faɗa a kan gyaran.

"Abin da ba a faɗa a dandali ba," ya ce, "ba a faɗe shi ba. Fita ki ba ni wuri."

Na fita na zauna a gindin fiya. Daga nan ina jin maɓallan, ɗaya, sai shiru, sai ɗaya, sai na gogewa sau uku. Inuwa ta tashi daga ƙafata ta koma bango. Maman Chola ta kawo nshima da ifisashi, miyar ganye da gyaɗa, ta ajiye, ta leƙa ta taga, ta ce min haka yake yi tun bara, ya wuni a kan abin nan tun safe kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tun bara. Ashe layi biyun nan da nake shanyewa da kurɓin shayi ɗaya, ina cewa rowar magana ce, safiyarsa ce sukutum.

Wayata ta yi ƙara. Na duba.

"An ƙi. Mayar wa matanmu harshensu, mai cin ɓera. Gyaran hutun ya yi. Kada ki ɗauka yabo ne."

Na karanta ya fi a ƙirga. Allah ya sani, tun da aka haifi Dalitso ban ji daɗi irin wannan ba. Nan take a wayar na mayar da saitin harshen na tura. Can sai ga koriyar alama, ya sa hannu, gyaran ya shiga. Na ce Sista Nyirenda ta huta. Na lalubo ɗan makullin ƙarfen a jaka, na miƙe zan shiga in nuna masa an gama da lamba shida har abada.

Wayar ta sake ƙara. Ba saƙonsa ba ne, sanarwar dandali ce. Kangwa ya kunna mataimaki. Kafin in gama fahimta wata ta biyo: Kangwa ya mayar da ke mai rumbu, ya cire kansa.

Na faɗa ɗakin. "Me ka yi?"

Yana zaune ya mayar da hannun ƙarƙashin cinya, gumi a goshinsa. "Abin da ya kamata ki yi tuntuni."

"Kai ka ce in na kunna ta za ka zo Lusaka da ƙafa."

"To ai ke kika zo."

Na dangwarar da makullin a gabansa. Na ce taɓawa kawai ake yi, babu lamba, babu gaggawa, ko da gwiwar hannu ne. Ya juya shi da ɗan yatsa, ya yaba ƙirarsa, ya turo min abina.

"Ba ƙofar ba ce, Zelipa." Ranar ya fara kiran sunana ba tsokana. "Mata sun tako da goyo sun tarar da kwaɗo, saboda hannuna da taurin kanki. Na karanta abin da kika rubuta a kan Lundazi, ina zaune a nan ba abin da zan iya. Bana layi biyu nake yi a safiya. Baɗi ɗaya. Rumbun da yake jiran hannu irin wannan ba shi da tsaro, ko makulli goma aka sa masa."

"Ni ban damu ba. Zan jira."

"Na sani. Shi ya sa na cire da kaina."

Na ce na'urar ba ta san Nyanja daga Bemba ba. Ya ce to in nemo mutum, yara masu ƙwaƙwalwa sun cika Lusaka, in daina zama ni kaɗai kamar mayya. Na ce ba na son yara masu ƙwaƙwalwa. Ya ce wannan kuma matsalata ce. Muka ci nshimar tare, ya ci da cokali a hannun hagu, na kafa idona a kwanona don kada ya ga ina gani. Da zan tafi na bar makullin a kan tebur da gangan. Ya sa Maman Chola ta biyo ni da shi har tasha, tare da fiya cike da leda.

Na karɓi lambarta. Na kira sau ɗaya ta kai masa wayar. Na ce kun wuni lafiya, ya ce lafiya. Ya tambaya ko an yi ruwa. Muryar ta ƙara yin ƙasa, sai na ce me, ya maimaita, na sake cewa me. Na ji yadda abin yake ci masa rai. Muka yi sallama, ban ƙara kira ba, kuma na san ya gode.

Yanzu aiki yana gudu. In tura gyara, kafin ruwan shayi ya yi zafi an sa hannu. Mataimakin ba ya gajiya, ba ya fushi, kuma sau biyu ya kama min kuskure na gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum da abin da yake buɗewa: aiki mai kyau, Zelipa. Sista Nyirenda ta turo min hoton layin mata a ƙofar asibiti, ƙofar a buɗe. Fiyar nan kuwa tare suka nuna, na ci har na gaji, sauran na ba mai tumatir.

Rumbun har yanzu a buɗe yake, kowa yana iya karantawa ba tare da makulli ba. Don haka duk gyaran da na tura, bayan na'ura ta gama yabona, sai in ƙara layi ɗaya a ƙasa. Jiya na rubuta, "Shikulu, dubi layin nan na ƙarshe. Ko ni bayan Kirsimeti ba zan gane shi ba. Kana ji kana gani, mai cin biri."

Na zauna da kofina ina kallon shafin har shayin ya huce. Duk sababbin abubuwan da suka kawo, babu wanda yake nuna maka ko wani ya karanta daga waje.